Ƙaton ɗan-tsalle, malam-buɗe-littafin kurmin goro da ba ya ɓuya

Duk goron da ake rabawa wajen ɗaurin aure ko zanen suna a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai daga kurmi ya fito. Haka man ja, haka kuma yawancin katakon da ake rufin kwano da shi. Ƴan kasuwa sun san farashin waɗannan kaya, sun san hanyoyin da manyan motoci ke biyowa da su daga Anyama ta Kodibuwar, ko Kumasi ta Gana, ko Shagamu ta Najeriya. Abin da ba a cika sani ba shi ne irin rayuwar da ke gudana ƙarƙashin inuwar itatuwan da ke ba da wannan arziki. Cikin mazauna kurmin akwai wani malam-buɗe-littafi baƙi mai jan kai, wanda masana ke kira Pyrrhochalcia iphis. Ya saɓa wa danginsa a girma, a tashi, da a hali, kuma makomarsa a ɗaure take da makomar dajin da goro ke fitowa.

Dangin ƴan-tsalle

Malam-buɗe-littafi ba iri ɗaya ba ne. Masana sun kasa shi gida-gida, kuma ɗaya daga cikin manyan gidajen shi ne wanda suke kira Hesperiidae. Sunan da ya fi dacewa da su a Hausa shi ne ƴan-tsalle, sabili da ba sa lilo a iska kamar sauran. Zillo suke yi: yanzu ga shi bisa wannan fure, kafin ƙiftawar ido ya koma bisa wancan. An san fiye da iri 3,500 nasu a duniya, fiye da 500 daga ciki a Afirka kudu da Sahara.

Gane su ba wuya ga wanda ya tsaya ya duba. Jikinsu kakkaura ne, kai babba, idanu manya, fukafukai gajeru idan aka gwada da gangar jiki. Ƙirjin cike yake da tsokar da ke kaɗa fukafukai, daga nan ne saurinsu ya samo asali. Alamar da ta fi kowace tabbas tana ga siraran ƙahoni biyu da ke bisa kai: na sauran malam-buɗe-littafi suna ƙarewa da ɗan kulki, na ɗan-tsalle kuwa bakinsu ya kan lanƙwasa kamar ƙugiya. Ƙanana daga cikinsu, masu launin ƙasa, suna nan cikin fadamu, lambuna da gonakin shinkafa na ƙasashen Sahel, illa dai ba mai kula da su, domin ba su da adon da zai ja ido.

Wannan rashin ado dabara ce. Yawancin ƴan-tsalle abinci ne mai daɗi ga tsuntsaye da ƙadangaru, saboda haka sauri da sajewa da busasshen ganye su ne garkuwarsu.

Ƙato cikin ƙanana

Na kurmin ya bi wata hanya dabam. Shi ne mafi girma cikin ƴan-tsallen Afirka: idan ya buɗe fukafukai faɗinsa na kai wa kusan santimita 8, alhali yawancin danginsa ba sa wuce 3 ko 4. Fukafukansa baƙaƙe ne masu walƙiyar shuɗi da kore kamar rinin turkuɗi da ya sha bugu. Ta ƙarƙashi, jijiyoyin fiffike sun fito baƙaƙe bisa kore mai ƙyalli. Kansa ja ne wur, haka kuma ƙarƙashin ƙarshen cikinsa.

Ana samunsa tun daga Gini, Saliyo da Laberiya, ta Kodibuwar, Gana, Togo da kudancin Najeriya, har Kamaru, Gabon, Kwango da arewacin Angola. Ya fi son dazuzzukan da ke kusa da gaɓar teku, da gefen kurmi inda rana ke ratsowa. Fatake masu bin hanyar Gaya zuwa Kwatanu ba su cika ratsa irin wannan daji ba, domin a daidai ƙasar Benin da kudancin Togo dajin ciyawa ya sauko har bakin teku, ya raba kurmin Afirka ta Yamma gida biyu. Masu zuwa Kumasi, Abijan ko Ibadan su ne ke shiga ƙasarsa sosai.

Abin da ya fi ba masu nazari mamaki shi ne tashinsa. Ba ya zillo. Yana tafe sannu-sannu cikin iska, da nauyi, tsakar rana, kamar mai son kowa ya gan shi. Ƙwaro mai wannan girma da ke tashi haka a dajin da ke cike da tsuntsaye, lalle akwai abin da ya taka. Ruwa ba ya tsami banza.

Maƙerin azurfa da sisinsa

Sunansa ya shiga littattafan masana a shekara ta 1773, ta hannun wani Baturen Ingila mai suna Dru Drury. Shi Drury ba malamin jami'a ba ne. Maƙerin azurfa ne kuma ɗan kasuwa a birnin Landan, wanda son ƙwari ya shiga ransa. Bai zo Afirka ba. Abin da ya yi shi ne ya riƙa ba ma'aikatan jiragen ruwa akwatuna da takardar bayanin yadda ake kama ƙwaro a adana shi, ya kuma yi alkawarin biyan sisi guda a kan kowane ƙwaro da ya kai girman ƙudan zuma ko ya fi. Cikin jiragen da suka yi masa wannan aiki har da na cinikin bayi, domin su ne ke yawan zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a wancan zamani. Da haka ya tara ƙwari fiye da 11,000.

A shekara ta 1771, Drury da wasu masu hali suka haɗa kuɗi suka aika wani saurayi, Henry Smeathman, zuwa Saliyo domin ya tattaro musu ƙwari da tsirrai. Ya yi kusan shekara 4 a can, kuma daga baya ya yi suna da bayanin da ya rubuta a kan gara da gininta. Ɗaya daga cikin tsirran da tsutsar ƙaton ɗan-tsalle ke ci, wani ɗan itace mai rawayan fure da ake kira Acridocarpus smeathmannii, sunan wannan mutum yake ɗauke da shi har yau.

Tsutsar da ba ta ɓuya

Rayuwar kowane malam-buɗe-littafi hawa huɗu ce. Mace ta saka ƙwai bisa ganyen da ta zaɓa. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, wadda ba ta da aiki sai ci, tana saɓa sau da yawa yayin da fatarta ta yi mata kaɗan. Daga nan ta daina ci, ta ɗaure kanta da zaren da take fitarwa daga baki, ta daskare cikin kwasfa. A cikin kwasfar ne jikinta ke narkewa ya sake ƙira, har mai fukafukai ya fito. Mai fukafukai ba ya ƙara girma. Duk girman da aka gani gare shi, tsutsa ce ta ci shi.

Tsutsotsin ƴan-tsalle maɗinka ne. Yawancinsu kan yanka gefen ganye, su naɗe shi, su ɗinke da zare, su shige ciki su wuni. Sai duhu ya yi su fito su ci. Suna kuma da tsabta irin tasu. Wata masaniya ta jami'ar Georgetown a Amurka, Martha Weiss, ta nuna a shekara ta 2003 cewa tsutsar wani ɗan-tsalle na can tana harba kashinta nesa, har kusan tsawon jikinta sau 40. Dalili kuwa shi ne rina, mai farautar tsutsa, warin kashin take bi. Wadda ta bar kashi a ƙofar ɗakinta ta nuna wa maƙiyi hanya.

Tsutsar ƙaton ɗan-tsalle ba ta dogara da ɓuya ba. Babba ce, jikinta baƙi da manyan ɗigo-ɗigo masu haske a jere kamar zanen dara, kanta ja. Ana ganinta a fili bisa ganye da rana tsaka. Masana na ɗaukar cewa wannan ado gargaɗi ne ga tsuntsu, ma'anarsa namanta ba ya ciwuwa.

Wannan fahimta tana da tarihi. A shekara ta 1867 Charles Darwin ya tambayi abokin aikinsa Alfred Wallace me ya sa wasu tsutsotsi ke da launi mai ɗaukar ido, alhali ba sa neman aure balle a ce ado suke yi. Wallace ya amsa cewa tsutsa mai ɗaci ba ta da riba idan sai an tsage ta kafin a gane ɗacinta, domin sara ɗaya na baki ya isa ya kashe ta. Ribarta ita ce a gane ta tun daga nesa. Wani mai kiwon tsuntsaye, John Jenner Weir, ya jarraba maganar, ya kuma bayyana a 1869 cewa tsuntsayensa na cinye tsutsotsi masu launin ganye, suna ƙyale masu ado.

Mutanen karkara ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Ana soya fara iri-iri a kasuwannin Nijar, amma ba mai soya farar tumfafiya. Launinta a fili yake, ba ta gudu, ba ta ɓuya, domin dafin tumfafiyar da ta ci yana jikinta. Hanyar da ƙaton ɗan-tsalle ya bi ke nan. Jan kai da baƙin jiki da tsutsa ta nuna, su ne mai fukafukai ya ci gaba da nunawa, shi ya sa ba ya gaggawa a iska.

Ban da tsirran kurmi, an ga tsutsar tana cin ganyen kashu, wato yazawa. Wannan abin lura ne, domin kashu baƙo ne a Afirka: daga Birazil ƴan Fotugal suka ɗauko shi cikin ƙarni na 16. Ƙwaron da ya koyi cin abincin baƙo yana da ɗan sassauci idan dajinsa ya canza.

Neman gishiri

Mai fukafukai ba ya tauna. Bakinsa dogon siririn bututu ne da ke naɗe kamar gammo, sai zai sha ya warware shi. Mace da namiji duka suna shan ruwan fure. To amma namiji na da wata buƙata ta dabam: ana ganinsa a bakin rafi yana tsotsar damshin laka, ana kuma ganinsa bisa kashin tsuntsu. Idan kashin ya bushe, ƴan-tsalle da yawa kan ɗiga masa ruwa daga ƙarshen cikinsu, su jiƙa shi, sannan su tsotse.

Gishiri yake nema. Ganye da ruwan fure ba su da isasshen gishiri, kamar yadda ciyawa kaɗai ba ta wadatar da bisashe, har makiyaya ke kai su Ingal ƙarshen damina ko su saya musu kanwa. Wani bincike da aka yi a Kanada a 1987 bisa wani ƙaramin ɗan-tsalle ya nuna cewa namiji na miƙa wa mace wani kaso na gishirin jikinsa lokacin barbara. Ke nan abin da ya tsotsa a laka kamar sadaki ne, kuma ƙwan da za a saka ne ke cin moriyarsa.

Sai dai ba duk ƴan-tsallen kurmi ne ke zaune lafiya da manomi ba. Akwai wani mai jajayen idanu, Pteroteinon laufella, wanda tsutsarsa ke cin ganyen kwakwar man ja, har ta kan yi ɓarna ga ƙananan itatuwa a gonakin Kodibuwar. Abin da ke rage yawanta shi ne wasu ƙananan ƙwari dangin rina da ke saka ƙwai cikin jikinta. Su ma tsirran daji da furanninsu suke buƙata kafin su rayu.

Kurmin da ke raguwa

Launin gargaɗi na korar tsuntsu, amma ba ya korar zarton inji. A farkon ƙarni na 20 an kiyasta dajin Kodibuwar da kusan hekta miliyan 16. Ƙidayar da hukumomin ƙasar suka bayyana a 2021 ta nuna abin da ya rage bai kai hekta miliyan 3 ba. Babban sanadi shi ne noman kakawo, wanda Kodibuwar da Gana ke samar da fiye da rabin na duniya. Sai saran katako, da gonakin roba da man ja, da haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, wadda ta shiga har cikin gandun dajin gwamnati a Gana.

Mutumin da ya fi kowa bin diddigin abin da wannan ya jawo wa malam-buɗe-littafi shi ne Torben Larsen, ɗan ƙasar Danmak, wanda ya rasu a 2015. A shekara ta 2005 ya fitar da babban littafi mai juzu'i biyu, inda ya bayyana kusan iri 1,500 na Afirka ta Yamma. Kaso mafi yawa na kurmi ne. Gandun dajin Bobiri kaɗai, da ke kusa da Kumasi, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 55 ba, yana ɗauke da iri 400 ko fiye.

A 2008 Larsen ya buga sakamakon wani lissafi da ya ba mutane da yawa mamaki. Ya ɗauki jerin duk malam-buɗe-littafin kurmi da aka taɓa samu a yankin, kusan iri 1,000, ya gwada da waɗanda aka sake gani daga 1990 zuwa 2006. Sai ya tarar kashi 97 cikin 100 suna nan. Duk da saran da aka yi, kusan babu wanda ya ƙare. To amma ya yi gargaɗi cewa wannan hali na yanzu ne kawai. Sun tsira ne domin akwai sauran gandun daji da aka tsare, irin su Tayi a Kodibuwar da Kakum a Gana. Waɗannan wurare sun zama kamar tsibirai cikin gonaki, kuma irin da ya ƙare a tsibiri ɗaya ba ya da hanyar dawowa daga wani.

Ƙaton ɗan-tsalle ba ya cikin masu rauni ƙwarai. Yana jure gefen daji da kurmin da aka taɓa sara ya sake tofowa. Wannan ne ma ya sa ya zama ma'auni mai sauƙi ga ma'aikacin gandun daji: babba ne, ba ya gudu, ba a rikita shi da wani in an lura. Inda ake ganinsa, akwai sauran abin da za a ceta. Inda shi ma ya ɓace, to masu raunin sun daɗe da tafiya.

Abin da ya shafi Sahel

Alaƙar ƙasar Hausa da wannan kurmi tsohuwa ce. Shekaru ɗaruruwa ayarin fatake na tafiya Gwanja, suna kai kanwa, tufafi da fatu kasuwar Salaga, suna komowa da goron Asante bisa jakuna. Zangunan Hausawa da ke Kumasi da Akara daga wannan ciniki da abin da ya biyo bayansa suka tsiro. Itacen goro ɗan kurmi ne, yana son ruwa mai yawa da ƙasa mai damshi, ƙaraminsa kuma na son inuwa. Yanayin da ke riƙe da malam-buɗe-littafin kurmi shi ne ke riƙe da goro.

Akwai kuma maganar damina. Iskar da ke kawo ruwa Nijar daga tekun Gini take tasowa, ta ratsa bisa kurmi kafin ta iso arewa. Itatuwan kurmi na zuƙo ruwa daga ƙasa suna mayar da shi sama ta ganye, saboda haka iskar na ƙara ɗaukar damshi a hanya. A 1998 wasu masana biyu na cibiyar MIT a Amurka, Xinyu Zheng da Elfatih Eltahir ɗan asalin Sudan, sun gwada abin da lissafin kwamfuta. Sakamakonsu ya nuna cewa share dajin gaɓar teku na iya raunana iskar damina fiye da yadda ƙarewar tsirrai a bakin Sahara ke yi. Binciken da ya biyo baya, musamman na Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, ya nuna cewa babban sanadin farin shekarun 1970 da 1980 shi ne canjin ɗumin ruwan teku. Ke nan saran kurmi ba shi ne ya haddasa yunwar 1973 ko ta 1984 ba. Amma kurmin na cikin abubuwan da ke tallafa wa damina, kuma shi ne wanda ke hannun ɗan Adam kai tsaye.

Saboda haka maganar ba ta mutanen gaɓar teku kaɗai ba ce. Ɗan kasuwar da ke sayen katako na da ikon tambayar inda aka saro shi da takardar izinin da ta rako shi. Ma'aikacin duwan da na gandun daji na da ikon duba wannan takarda da gaske. Wakilan da ke zama teburin shawara da maƙwabta bisa ruwa da yanayi na da hujjar saka dajin kudu cikin lissafin arewa. Idan gemun ɗan'uwa ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake yi.

A Bobiri da Kakum, har yau ƙaton ɗan-tsalle na fitowa da hantsi, ya bi gefen hanya sannu-sannu da jan kansa, ya sauka bisa fure ko bakin laka. Shekara fiye da 250 ke nan tun da maƙerin azurfa na Landan ya rubuta sunansa. Tsuntsayen daji ba su rage shi ba. Abin da zai yanke hukuncin zamansa shi ne yawan hektar kurmi da za a bari a tsaye.